Koriyar Robar da Baba Mahmudu Ya Ɓoye

Shekara goma sha tara, ƙarfe shida da rabi na safe ba ta taɓa samun Baba Mahmudu a wani wuri ba sai bakin ruwa. Kafin ya gaisa da kowa sai ya zagaya tafkin ninƙayar sau ɗaya, hannu a baya, ido a ƙasan ruwa. Sannan ya ɗauko doguwar sandarsa mai raga a baki, ya kwashe ganyen mangwaro da matattun ƙwari, wata rana har da kwaɗo. Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya ɗaga ta sama ya duba launi. In launin bai yi masa ba, ba mai shiga, ko da mai otal ɗin ne da kansa. Daga nan ya ja igiyar da ta raba inda ƙafa ke taɓa ƙasa da inda ba ta taɓawa, ya gwada ƙullin kowane gefe, ya rataya usur a wuya, ya hau kujerarsa. Sai a lokacin zai ce, "Ina kwananku."

Ni ba a otal ɗinsu nake aiki ba. Namu ƙarami ne, a cikin garin Suleja, ɗaki goma sha huɗu, ko famfon waje ba kullum yake kawo ruwa ba balle a yi maganar tafki. Nasu babba ne, can kan hanyar Madalla, wurin hutun mutanen Abuja. Ba zan faɗi sunan ko ɗaya ba. Mu ma'aikata Gidan Tudu muke ce wa nasu, namu kuma Gidan Gari.

Da na gama sakandare na samu aikin teburin karɓar baƙi, wato risafshan, a Gidan Gari. Tambayar da aka fi yi mini a teburin nan ita ce, "Wai an ce wanda ya sauka a nan zai iya zuwa ful ɗin wancan otal ɗin, haka ne?" Ful, haka kowa ke kiran tafkin. Amsar kuwa ita ce e, zai iya. Abin da baƙi ba su sani ba shi ne wanda ya sa amsar ta zama e.

Baba Mahmudu ne. Shekaru kafin in zo, ya ga daga Litinin zuwa Juma'a ruwan nan yana zaune ba kowa, sai shi da tsuntsaye. Ya yi ta zuwa ofishin manajarsu, Madam Adaobi, har ta gaji. Ta ce baƙin waje wahala ne, ba ta san su ba, in wani abu ya faru wa za ta kama? Ya ce shi. Ya kawo dabarar roba: duk baƙon Gidan Gari da zai zo, a teburinmu za a sa masa zoben roba a hannu. Koriya ga wanda ya iya ninƙaya. Ja ga wanda bai iya ba, shi ba zai ƙetare igiya ba. Da wannan ta yarda, kowace rana, har Asabar da Lahadi.

A makona na farko ya zo har teburina, da hular sanyi a kai ana tsakiyar zafi.

"Kai ne sabon?"

"Ni ne, Baba. Sadiƙ."

"Ka yi makaranta?"

"Sakandare."

"To ka fi ni. Amma akwai tambaya ɗaya da ba a koya muku ba. Kada ka ce wa baƙo, ka iya wanka? Kowa ya iya wanka. Akuya ma in ruwan sama ya doke ta, ta yi wanka. Ce masa za ka yi, ka iya ruwa? In ya tsaya tunani, ja. In ya ce ai da yana yaro ya iya, ja. In ya yi maka dariya, ja. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin. Ina so a riƙe wannan.

Abin da na sani game da aikinsa, yawanci daga bakin Funmi na ji, mai raba tawul a bakin tafkin, wadda ta yi shekara tara kusa da kujerarsa. Ta ce ba ta taɓa ganin ya juya wa ruwa baya ba in akwai mutum a ciki. Ana yi masa magana, yana amsawa, amma fuskarsa na can. Leɓɓansa kuma kullum suna motsi. Ta daɗe tana zaton tasbihi yake, ashe kawuna yake ƙirgawa. Ya ƙirga, ya koma farko, ya sake ƙirgawa, tun safe har a rufe.

In azahar ta yi sai ya busa usur sau biyu, kowa ya fito, minti goma. La'asar ma haka. Wani babban mutum daga Abuja ya taɓa ƙin fita, yana tsaye a cikin ruwa da tumbinsa, ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da za a busa masa usur.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ido biyu gare ni, kuma duka biyun zan kai su gabas. Ba ni da na ukun da zan bar maka."

Funmi ta ce mutumin ya fito yana dariya, ya zauna yana ɗiga har aka idar.

Ta ce mutum goma sha ɗaya ta gani da idonta ya tsamo. Da na tambaye shi ya ce bai riƙe adadi ba, wanda ya fito ai ya fito. A kogin Gurara ya koyi ruwa, can garinsu Izom, inda mahaifinsa ke fiton mutane da kwalekwale. Yakan ce wanda ke nutsewa ba ya ihu, a fim ne kawai ake ihu. Shiru yake tafiya, baki a buɗe, kamar mai son ya faɗi wani abu ya manta.

Baƙinmu kuwa, direbobi da malaman makaranta da masu zuwa biki, da yawansu ba su taɓa sa ƙafa a irin wannan ruwa ba. Sukan je a tsorace, suna kallon mutanen Abuja, suna ɓoye tsofaffin gajerun wandunansu da tawul. Baba ba ya bari su ji baƙunta. Ya taɓa kashe yammaci guda yana koya wa wani direban tirela yadda zai kwanta a kan ruwa. Direban ya dawo teburina da dare yana ce mini, "Wallahi na tashi sama kamar gora!" Mutum mai jikoki.

Kai ne, Baba, mai gadin ruwan da ba naka ba. Kai ne ka buɗe wa talaka ƙofar da ba a gina don shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan.

Wata Asabar ce cikin watan Maris, zafi kamar a narke. Otal ɗinmu ya cika da 'yan biki daga Ilori. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani mutum ya zo teburina da matarsa da abokansa uku. Segun sunansa, dogo, mai fara'a. A Kaduna ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan daɗi.

"Abokina, an ce za mu iya shiga ful na wancan otal?"

"Za ku iya."

Na jawo kwalin roba. Mutane sun yi layi a bayansa, waya tana ƙara, kaina ya ɗau zafi. Na buɗe baki na ce, "Ka iya wanka?"

Ya dafe ƙirji. "Haba! Na yi kama da wanda bai iya wanka ba? Sau biyu kullum, da soso da sabulu. Tambayi madam."

Matarsa ta buge shi a kafaɗa tana dariya. Abokansa suka kwashe. Duk layin ya ɗauka, har mai shara. Wani ya ce, "Oga risafshan, ko za ka shinshina shi ne?"

Na san na yi kuskure tun kalmar ba ta gama fita ba. Na san abin da ya kamata in yi: in sake tambaya yadda aka koya mini. Kalma uku ce. Amma ana yi mini dariya, kuma na ji in na sake tambaya za a sake yi. Na ji kunya. Sai na sa hannu a kwali na ɗauko koriya na zura masa, don su tafi da sauri. Ban ma gaya masa ma'anar launin ba. Abokan nasa suka ce su kallo za su je yi.

Iyakar abin ke nan. Ba mantuwa ba ce. Kunyar minti ɗaya na gudu.

Sauran Funmi ce ta gani. Segun ya shiga wajen mara zurfi yana wasa da ruwa, yana ɗaga wa matarsa hannu. Ya zo kan igiya ya sunkuya ya wuce. Baba ya dubi hannunsa, ya ga koriya, ya bar shi. Ƙasan tafkin nan gangare ne. Taku uku, na huɗu babu ƙasa.

Mutum goma sha bakwai ne a cikin ruwa. Baba ya ƙirga, ya samu goma sha shida.

Funmi ta ce bai busa usur ba, bai tuɓe riga ba. Daga kan kujera sai cikin ruwa. Mutum mai shekara hamsin da takwas. Ya fito da Segun ta baya, hannu ɗaya a haɓarsa, ya kwantar da shi a kan tayil. Ba ya numfashi. Matarsa ta zube tana kiran sunansa. Baba ya durƙusa yana danna masa ƙirji, yana hura masa iska, yana dannawa. Funmi ta ce ita dai ta rufe ido. Da ta buɗe, Segun yana amayar da ruwa, yana tari.

Kuma ta ga wani abu. Yayin da kowa ke salati da godiya, Baba ya zare robar daga hannun mutumin ya tura a aljihun wandonsa.

Madam Adaobi ta fito a guje. Da aka sa Segun a mota zuwa asibiti, ta juyo.

"Baba Mamudu, wace roba ce a hannunsa?"

"Ban ga roba ba, Madam."

"To yaya aka yi ya wuce igiya?"

"Ni na bar shi. Idona ya ɗauke."

"Idonka? Kai?"

"Ana tsufa, Madam."

Segun ya warke, washegari suka koma Ilori. Shi bai san launi yana da ma'ana ba, ba wanda ya tambaye shi. Mai otal ya ce dole wani ya ɗauki laifi. Ba na zargin Madam. Abin da aka gaya mata ta yi aiki da shi. Kafin mako ya cika aka ba Baba takarda a ambulan, aka ce ya je ya huta.

Ni kuwa ina teburina. Ranar da labari ya iso na shiga bayi na kulle, na fito, na ci gaba da aiki. Bayan mako biyu Funmi ta zo Gidan Gari da ƙafarta. Ba ta gaishe ni ba.

"Kai ne a tebur ranar Asabar ɗin nan?"

Ba ta jira amsata ba.

"Koriya ce. Na gani." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ya ce kada in faɗa, shi ya sa ban faɗa ba. Ba don kai ba, ka ji? Kai ba ka kai ba."

Wata biyar na yi da wannan a cikina. Kullum baƙi na tambayata ko za su iya zuwa ful ɗin can, kullum ina cewa e, ina yin tambayar daidai, ina zura roba. Ba zan ƙawata shi ba: tsoro ne. Ina tsoron a kore ni, ina tsoron fuskar mahaifiyata.

Cikin watan Agusta na hau mota zuwa Izom. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya rame. Ya ɗago ya gane ni.

"A'a, ɗan boko! Wa ya bar maka tebur?"

Na durƙusa. Na gaishe shi, na sake gaishe shi, na tambayi gona, na tambayi damina. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Baba, ni ne na ba shi koriya."

"Na sani."

"Wanka na ce masa."

"Ai na yi zato. Ya yi dariya?"

"Ya yi."

"To." Ya ci gaba da sassaƙa.

"Baba, me ya sa ka ɓoye?"

Ya juya ƙotar a hannunsa. Sannan ya ce, "Da na nuna robar nan, kafin la'asar Madam ta rufe wa baƙinku ƙofa. Dama neman dalili take. Su waye baƙinku? A ina za su sake ganin ruwa mai tsabta su shiga? Kai kuma jiya ka fara aiki. Ni na riga na ci nawa." Ya hura ƙurar itacen. "Kuma ba ƙarya na yi duka ba. Na ga yadda yake taka ruwa kamar mai tsallaka kwata. Da na yarda da idona na ƙi yarda da roba, da bai wuce ba."

Har a nan ma yana neman rabonsa a cikin laifina.

Sai 'yarsa ta fito da ruwa a kofi. Mardiyya, malamar firamare ce a garin. Ta ji komai daga zaure. Ta ajiye kofin a ƙasa, ba ta miƙa mini ba.

"Kai ne Sadiƙ ɗin?"

"Ni ne."

"Ka san abin da ke cikin takardar da suka ba shi?"

"Mardiyya," in ji Baba.

"A'a, Baba, bari ya ji." Ta juyo gare ni. "Baba bai iya karatun boko ba. Da ya ga ambulan da hatimi, ya ɗauka ko an kore shi dai, za a rubuta godiyar shekara goma sha tara. Ranar da ya dawo, maƙwabta sun zo sannu da zuwa, zauren nan ya cika. Ya miƙo mini ya ce in karanta musu, in fassara. Na fara da ƙarfi. Layi na uku aka ce an sallame shi saboda sakaci da ya kusa jawo asarar rai. Na tsaya, amma akwai masu jin Turanci a ciki. Kafin magariba duk Izom ta ji."

Ta ce a da, duk rani in ya zo hutu, iyaye kan kawo masa 'ya'yansu bakin Gurara ya koya musu ruwa. Bana ba wanda ya kawo. A kasuwa wani ya ce masa ɗan mai fito ya je birni ya manta ruwa. Jikan gidan da kakanni suka yi suna a kan kogi.

Baba ya ce, "Magana ce, za ta wuce." Amma bai ɗago ba da ya faɗa.

Da zan tafi ya ce kada in je wurin Madam. Na ce to. Wannan ne karo na biyu da na ce masa na ji kuma ban bi ba. Ranar Litinin na je. Na faɗa mata komai, Funmi ta tsaya ta shaida.

Madam ta saurare mu har ƙarshe. Ta ce baƙin Gidan Gari za su ci gaba da zuwa, amma daga yau a bakin ruwa za a riƙa ba da roba, bayan an gwada mutum. Saboda haka ga masu tambaya: e, har yanzu za ku iya. Ƙofar Baba tana buɗe. Ni kuma da labari ya kai Gidan Gari, an ɗauke ni daga tebur zuwa wajen wanki da guga, kuma daidai ne.

Na ce mata, "Takardar fa?"

Ta ce mai otal ne ya sa hannu, ta kai masa maganar. Na koma sau uku. A na ƙarshe ta ce ya ce abin da ya wuce ya wuce, an riga an ɗauki wani, ba zai rubuta cewa otal ya yi kuskure ba. Idonta ya yi ja da take faɗa mini. Ba ta da yadda za ta yi.

To ni ina da biro. Ba ni da hatimi, ba ni da muƙami, amma ni ne na san abin da ya faru, kuma ga shi na rubuta.

Baba Mahmudu, kai ba ka yi sakaci ba. Kai ne ka ƙirga goma sha shida ka san saura ɗaya. Kai ne ka shiga da rigarka. Akwai mutum a Ilori yau yana cin abinci da iyalinsa saboda kai, bai ma san cikakken sunanka ba. Ka ceto shi daga ruwa, ka ceto ni daga kora, ka biya da sunanka, ni kuma na bar ka ka biya har wata biyar. Na gode. Ban cancanci in ce maka na gode ba, amma ba ni da wata kalmar. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku da kuke aikin da ba a gani, masu gadi, masu shara, masu zama a tebur irina, ku yi koyi da shi a kan aikinku: ku duba, ku sake dubawa. In kun yi tambaya ba daidai ba, ku sake yi, ko duk gari zai yi muku dariya. Mutanen Izom kuma, rani na zuwa. Ku kai masa 'ya'yanku. Babu hannun da ya fi nasa aminci a kan ruwa daga nan har Sabon Wuse.

Malama Mardiyya, na san ba ki son ganina, kuma ba zan zo ba sai an kira ni. Alfarma ɗaya nake roƙo. Idan wannan ya iso hannunki, ki tara su a zauren nan, duk waɗanda suka ji waccan takardar. Wannan da Hausa take, ba sai kin fassara ba. Ki karanta da ƙarfi, daga farko har ƙarshe. Wanda ya ba da koriyar robar sunansa Sadiƙ Ismail, ɗan Suleja. In kin zo kan sunan nan, kada ki rage murya.